Sabuwar filasta ba ta bushewa a kwana biyu

Yana damuna yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa da zarar sabuwar filasta ta yi haske, sai a hau shafa fenti. Ba laifinsu ba ne, a ido kam ta bushe. Amma danshi na nan a ciki, filastar siminti kan ɗauki kusan mako 4 kafin ta sake shi. In aka rufe ta da wuri, ruwan zai nemi mafita, fentin ya kumbura ya ɓare. Manna leda a bangon ta kwana. In ka tarar da gumi a ƙarƙashinta, da saura. Ko bayan ta bushe, a tsinka fentin ruwa a shafin farko domin filastar ta sha shi, silin ma haka.