Takardar ƙuri'armu tambaya ɗaya kacal take yi

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, INEC ta ce Bola Tinubu ya samu ƙuri'u miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5. Wanda ya yi nasara bai kai kashi 37 cikin 100 ba. Har yau ana musu a majalisu: da Kwankwaso bai tsaya ba, ina mutanensa za su nufa? Wannan ya rantse Atiku za su bi, wancan ya ce Tinubu. Duk shaci-faɗi ne, don babu wanda ya tambaye su.

Abin da ke damuna ke nan. Mutum ya sha rana a layi, a ransa ya san wanda ya fi so, ya san wanda zai haƙura da shi, ya san wanda ba ya ƙaunar gani a mulki. Takardar ta karɓi na farko ta watsar da sauran. Da wannan guntun bayani ake yanke wa al'umma hukuncin shekara huɗu.

Nijar ta bi hanyar zagaye na biyu. Bazoum Mohamed ya samu kusan kashi 39 a Disambar 2020, sai da aka sake tambayar jama'a a Fabrairun 2021 kafin ya haura rabi. Hanya ce mai kyau, amma akwai tsada. A Ostireliya kuwa, tun 1918 mai zaɓe ke jera 'yan takara: na ɗaya, na biyu, na uku. In babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe, a mayar da ƙuri'unsa ga wanda masu su suka jera a bayansa.

Ban ce wannan tsari ba shi da aibi ba. Tun 1785 Bafaranshe masanin lissafi Condorcet ya nuna rinjaye kan iya zagayawa: a fifita Audu kan Bala, Bala kan Garba, sannan Garba kan Audu. A 1951 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya tabbatar babu tsarin jerawa da zai cika dukkan sharuɗɗan adalcin da ya gindaya. Ga matsalar karatu a karkara, ga ƙidaya mai wuya a ƙasar da ake zargin ko mai sauƙin.

Shi ya sa ban ce a fara da zaɓen ƙasa ba. A gwada a zaɓen fid da gwani na jam'iyyu, inda mutum biyar ko goma kan raba ƙuri'a, ɗaya ya ɗauki tuta da 'yan tsiraru, sauran su fusata su sauya sheƙa.