Ranar da na ƙona hotunan bikin auta

Kun dai san Kawu. Bai yarda da duk abin da ba zai riƙe a hannu ya jujjuya ya jefa a durowa ya kulle ba. Shi ya sa bayan bikin auta, da mai hoto ya kawo komai a cikin filash, Kawu ya kalli ɗan abin ya ce wannan ko kaza ma sai ta haɗiye shi, a sa masa a faifai. Wa zai sa? Ni mana. Tun ranar da na gyara wa Gwaggo rimot ake kirana Injiniya a gidan nan. Batir kawai na juya, amma ban taɓa musa sunan ba.

Na ce, "Kawu, ku ba ni kwana ɗaya, zan ƙona muku su duka." Ya miƙe zaune. "Ka ƙona me?" Sai da na yi ta bayani cewa haka masu kwamfuta ke faɗi, hasken leza ne ke ƙona wani ɗan rini a cikin faifan ya bar tabo, tabon nan shi ne rubutun. Ya ce to, amma dai kada in kusanci murhu da su.

Na sayo faifan DVD guda 50 a jere a sandarsu, na zaƙulo tsohuwar laftof ɗina mai ɗan faranti a gefe, wadda batirinta ya rasu tun ba yau ba. A cikinta akwai wata manhajar ajiya da na taɓa saukewa. Ba zan faɗi sunanta ba, ni da ita sai a gaban Allah.

Na fara da foldar kamu, gigabait 4.6. A jikin faifan an rubuta 4.7 ɓaro-ɓaro, na ce ai har da ragi. Manhajar ba ta ce komai ba, ta kama aiki, ta kai kashi 95 cikin 100, sannan ta tofo min faifan ta ce wuri ya ƙare. Ashe mudu biyu ne a harkar. Masu yin faifai da 1000 suke awo, kwamfuta kuma da 1024, saboda haka 4.7 ɗinsu 4.38 ne a mudunta. Irin mudun nan ne da aka bubbuga gindinsa. Abin da ya ƙona min rai, ita ta san lissafin tun farko, amma ta bari sai da faifaina ya mutu. Kuma irin wannan faifan sau ɗaya ake rubuta shi, in ya lalace ya lalace.

Na biyu da na uku suka tsaya a tsakiya ba dalili. Na rage gudun rubuta faifan daga 8 zuwa 4, wanda ke nufin kowane faifai sai na zauna kusan minti 15 ina kallon wani koren layi yana rarrafe. Na huɗu yana tafiya lafiya aka ɗauke wuta, laftof ta mutu nan take. Na biyar na tayar da janareta dominsa, mai ya ƙare. Na buɗe farantin na hure ƙurar hunturu daga idon lezar, har da goge shi da auduga kamar mai yi wa jariri wanka. Wani kuma na bar shi yana aiki na je na kwanta, da asuba na tarar tun kashi 12 ya tsaya, wai sunan wani fayil ya wuce harafi 64, tana tambaya ko ta gajarta. Tambayar ma ta ɓoye ta a bayan wata taga. Mai hoton nan shi ma da nasa, sunan fayil guda sai ya zuba sunan amarya da na ango da na unguwa da kwanan wata, saura kaɗan ya sa lambar wayarsa.

A rana ta uku na yanke shawara biyu, dukansu na banza. Ta farko, na ce tunda kayan sun kai gigabait 20, bari in bar manhajar ta raba su da kanta a kan fayafayan. Ta biyu, na lura yawancin faɗuwar tana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da take sake karanta faifan don ta tantance abin da ta rubuta. Sai na cire alamar tantancewar. Wato ɗalibi ya ga yana ta faɗuwa, sai ya kori mai duba jarrabawa. Wallahi daga nan komai ya riƙa fitowa kore shar, an kammala cikin nasara, an kammala cikin nasara, sau 5. Na ɗauko maka na rubuta Bikin Auta 1 zuwa 5 da rubutun da ko a takardar neman aiki ban taɓa yin mai kyansa ba. Gawarwaki 11 na tura su ƙarƙashin gado.

Daren Juma'a bayan Isha na kai. Ban san Kawu ya gayyato majalisarsa ba. Falo cike, Gwaggo da mata sun tsaya a bakin labule, ango na gefe yana sunkuyar da kai irin na sababbin surukai, yara a ƙasa. Kuma a kujerar da ta fi kusa da talabijin, Hedimasta.

Dole in tsaya a kan Hedimasta. Mutumin nan tun ina aji 4 ya tambaye ni bakwai sau takwas na ce 54, ya yi min bulala shida a gaban asambuli, kuma har yau bai sake ni ba. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara fito min, amma in muka haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bakwai sau takwas?" Ranar ɗaurin aurena ma ya tambaya, a gaban waliyyin amarya. Ya yi ritaya shekara da shekaru amma bai ajiye aikin ba, duk rubutun Turancin da ya gani sai ya karanta da ƙarfi ya fassara wa jama'a, ko a jikin kwalin magani ne, ko a bayan tirela. Ba wanda ya taɓa roƙonsa. Da na gan shi gabana ya faɗi, amma na ce ai koren layi ya yi min shaida har sau 5.

Gwaggo ta yaye ƙyallen da take rufe na'urar DVD da shi. Na sa faifai na 1 da ɗan salo, da yatsa biyu. Na'ura ta haɗiye, ta yi ƙirr, ta yi shiru, ta sake yin ƙirr. Kowa ya zuba ido. Sai rubutu ya fito.

Hedimasta ya gyara tabarau. "Ta ce babu faifai."

Wani daga majalisa ya ce, "A'a, ai a gabanmu ya sa."

"To ɗayansu na ƙarya," in ji Hedimasta, "ko na'ura ko Injiniya."

Na yi dariyar yaƙe na ce ƙura ce. Na fito da shi, na huro masa iskar baki, na goge a jikin shaddata, na mayar. Ƙirr. Shiru. Ƙirr. Hedimasta ya sake karantawa, wannan karon a hankali, harafi harafi, kamar darasin 'yan aji ɗaya. Na sa na 2, haka. Na 3, haka. Gumi ya karyo min a cikin sanyin nan da kowa ke sanye da rigar sanyi. Na ji Gwaggo a bayan labule tana cewa, "Ko dai ya ƙona su ɗin ne da gaske?" Kawu bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja, kuma wannan ya fi min ciwo a kan ya yi faɗa.

Da na yi shiru a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ce na'urar ce tsohuwa, bari in nuna musu a kwamfuta. Na jona laftof, na buɗe faifan, mutane suka zagaye ni har ina jin numfashin Hedimasta a ƙeyata. Babu hoto ko ɗaya. Fayil guda ne jibgege, da wani suna marar kan gado da 001 a ƙarshensa. A lokacin na gane abin da na aikata. Manhajar ba hotuna ta zuba ba, ɗaure su ta yi a ƙunshi guda irin nata ta yanka biyar, kuma ba mai kwance ƙunshin sai ita. Na'urar Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, ba ta ga abin da ta sani ba ne.

Na ce ba komai, yanzu za a dawo da su. Manhaja ta ce in sa faifai na ƙarshe. Na sa na 5. Ta ce in sa na 1. Na sa. Ta ce na 2. Ina ta cirewa da sawa kamar mai tuyar waina, Hedimasta na sanar da kowane umarni ga jama'a. Na sa na 3, ya yi ƙirr ƙirr ƙirr, ya daɗe yana yi, sai wani jan akwati ya fito.

"Ta ce na ukun ya lalace," in ji Hedimasta. Ya ɗan dakata. "Ta ce ba za a iya ci gaba ba." Ya cire tabarau ya dube ni. Na san abin da zai faɗa, kowa a falon ya sani. "Bakwai sau takwas?"

Falo ya fashe. Har ango, wanda tun da ya shigo bai ɗaga kai ba, na ga kafaɗarsa tana rawa. Na ce 56, da ƙarfi, wai ko in tsira da wani abu. Ya ce, "To, an samu ci gaba."

Ana cikin haka ɗan Yaya, yaron da bai wuce shekara 12 ba, wanda ni na koya masa kunna kwamfuta, ya zare filash ɗin daga aljihun jakata ba ko sallama, ya zagaya bayan talabijin ya soka. Sai ga auta ta cika allo da lalle har gwiwar hannu. Mata suka rangaɗa guɗa. Kawu ya ce, "Ashe kazar ba ta haɗiye ba." Aka manta da ni a tsugune a ƙasa da fayafayai 5 a hannu. Sai wajen hoton walima Kawu ya ce, "Injiniya, ƙaro mana sauti," na yunƙura zan tashi, ashe da yaron yake.

Daga baya na zauna na sake yi yadda ya kamata: hotunan a yadda suke ba ƙunshi, kowane faifai ƙasa da 4.3, gudu 4, tantancewa a kunne, a rufe faifan a ƙarshe don na'ura ta iya karantawa. Biyu sun fito lafiya, na gwada su a gidan maƙwabci da rana tsaka ba kowa. Sauran ban yi ba tukuna, Kawu ma bai sake tambaya ba. Gawarwakin nan 11 Gwaggo ta aiko an kwashe, ta ɗaure su da zare a kan shukar tumatirinta, wai suna korar tsuntsaye. Hedimasta ya aiko a ba shi ɗaya zai maƙala a bayan kekensa. Na ce wa ɗan aiken sun ƙare.