Haddar matakan rabuwar ƙwaya ba ita ce ilimin gado ba

Ƙwayar halittar da ke cikin hantar mutum da wadda ke cikin ƙwaƙwalwarsa DNA ɗinsu ɗaya ne, in ka cire 'yan kurakuran kwafi da ba a rasa ba. Amma ɗaya aikinta tace guba daga jini da adana sukari, ɗayar kuma ta miƙa dogon reshe tana aika saƙo cikin ƙiftawar ido. To me ya raba su? A ganina da wannan tambayar ya kamata a buɗe darasin ilimin gado, amma ita ce littattafan bayoloji da dama suke turawa can ƙarshe, lokacin da hadda ta riga ta gajiyar da ɗalibi.

Abin da aka saba shi ne a raba zancen gida uku: rabuwar ƙwaya daban, dokokin Mendel daban, DNA da furotin daban. Ɗalibi zai jero maka matakan rabuwar ƙwaya da ake kira maitosis, wato furofes, metafes, anafes, telofes, ba tare da ya numfasa ba. Zai zana akwatin Punnett mai gida huɗu, wanda ake lissafa gadon 'ya'ya da shi, ya fitar da 3:1, ya kwashe makinsa. Amma ka tambaye shi mene ne haɗin wannan 3:1 da yadda kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya, ke rabuwa a lokacin mayosis, rabuwar da ke samar da maniyyi da ƙwan mace, sai ya yi tsuru. Alhali kuwa abu guda ne ake kallo ta fuska biyu.

Ba laifin ɗalibi ba ne kaɗai, domin su kansu masana sai da suka kwashe kusan shekara 40 kafin su haɗa zaren. Gregor Mendel ya yi gwajinsa a lambun gidan limaman coci da ke birnin Brno tsakanin 1856 da 1863, da wani nau'in wake da ake kira fis. Ya haɗa mai santsin ƙwaya da mai yamutsattsiyar ƙwaya, 'ya'yan farko duk suka fito da santsi. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa a tsakaninsu, sai ya ƙirga 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsewa, wato kusan 3 da 1. Ya wallafa aikin a 1866, aka yi ko oho da shi har 1900. Mendel bai taɓa sanin kuromosom ba. Walther Flemming ne ya bayyana yadda suke motsi a lokacin rabuwar ƙwaya a 1882, sannan a 1902 da 1903 Walter Sutton da Theodor Boveri suka nuna cewa abubuwan gadon da Mendel ya gano ta hanyar lissafi, a kan kuromosom ɗin nan suke zaune. Abin da ya ba masana wahala haka, tun da an riga an warware shi, ban ga dalilin ɓoye wa ɗalibi shi har sai ya yi zango biyu yana hadda ba.

Duk wanda ya taɓa sa bakin saiwar albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ga abin da zanen littafi ba ya nunawa. Mafi yawan ƙwayoyin da ke jere a wurin ba sa cikin ko ɗaya daga matakan nan huɗu. Za ka gan su zaune lafiya lau, cibiyarsu a dunƙule, sai ka yi ta dube-dube kafin ka ci karo da ɗaya da kuromosom ɗinta suka jeru a tsakiya, ko wata da zaruruwa ke jan su gefe biyu kamar yatsun hannu a tanƙware. Wannan zaman da ake gani kamar hutu ne, a cikinsa ake yin babban aikin. A nan ƙwaya take girma, a nan take kwafe DNA ɗinta gaba ɗaya, a nan take duba kwafin ko da kuskure. Ɗalibai da yawa sun ɗauka a cikin maitosis ake yin kwafi. A'a, kafin a shiga maitosis an gama. Shi ya sa kuromosom ke fitowa a hoto da siffar X: kwafi biyu ne aka ɗaure a ƙugu, ana jiran a raba su.

In ɗalibi ya riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne. Maitosis manufarsa ita ce kada komai ya canza: ƙwaya mai kuromosom 46 ta haifi biyu, kowace da 46 irin na uwarsu. Da shi jiki ke girma, da shi rauni ke warkewa. Mayosis kuwa, wanda ke samar da maniyyi da ƙwan mace, manufarsa biyu ce: a rage adadin zuwa 23, kuma a cakuɗa. Kuromosom ɗin da mutum ya gada daga mahaifinsa yakan zo ya jingina da takwaransa na mahaifiya, su yi musayar gutsattsari, sannan a ja ɗaya nan, ɗaya can. Wannan jan shi ne dokar Mendel ta farko a zahiri: mai ɗauke da siffa biyu na ƙwayar gado guda (wato yankin DNA mai ɗauke da umarni ɗaya), ɗaya tak zai miƙa wa kowane ɗa. Kuma tun da kowane cikin nau'i 23 yana rabuwa ne ba ruwansa da sauran, mutum ɗaya zai iya fitar da haɗi iri 8,388,608 tun kafin a lissafa musayar gutsattsarin. Shaƙiƙai uwa ɗaya uba ɗaya ba su fita daban da juna a banza ba. Idan kuma jan ya kuskure, kuromosom na 21 ya zama uku maimakon biyu, sai a sami larurar Down, kamar yadda aka tabbatar a Faransa a 1959.

Bari in ɗan ratse. Shekaru sama da 30 littattafai suna cewa kuromosom ɗin ɗan Adam 48 ne, ɗalibai suna haddacewa suna cin jarrabawa da shi, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a Suwidin suka sami 46. Wanda ya haddace adadi kawai, ranar nan ya tashi a tutar babu. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa adadin dole ya rabu biyu daidai, bai yi asarar komai ba.

Yanzu ga inda zancen ya fi nauyi. DNA haruffa huɗu ne, A, T, G da C, kimanin biliyan 3 a jere a kowane kashi ɗaya na gadon mutum. Wanda ke cikin ƙwaya guda, da za a warware shi a miƙe, zai kai kusan mita 2. Ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin haɗa furotin kimanin 20,000 ne, kuma ba su kai kashi 2 cikin 100 na dukan DNA ba. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa zuwa wani ɗan'uwan DNA mai suna RNA, RNA ya fita daga cibiyar ƙwaya, a karanta shi harafi uku-uku. Haɗin uku-uku iri 64 ne, suna nuni ga tubalan furotin iri 20, uku daga cikinsu kuma alamar tsayawa ce. Wannan kowane littafi yana da shi. Abin da ake gaggawar wucewa shi ne, ba duka ake karantawa ba. Kowace ƙwaya kamar mai riƙe da babban kundi ce wanda kowa yake da irinsa, amma ita shafukan da suka shafi aikinta kawai take buɗewa, sauran na rufe.

François Jacob da Jacques Monod su suka fara nuna yadda buɗewa da rufewar ke faruwa, a cibiyar Pasteur da ke Paris a 1961. Bakteriyar E. coli tana da ƙwayoyin gadon narkar da sukarin madara, amma wani furotin yana zaune a kan DNA ya tare hanya. Sai sukarin ya samu, wani abu da aka sarrafa daga gare shi ya manne wa mai tarewar, ya saki DNA, sannan karatu ya fara. Babu sukari, babu ɓarnar ƙarfi. Shekara guda bayan haka John Gurdon a Ingila ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo ya sa ta cikin ƙwan kwaɗon da aka kashe tasa cibiyar, sai ga sabon ɗan kwaɗo ya fito. Ashe ƙwayar hanji ba ta zubar da umarnin yin ido ko zuciya ba, rufe shi kawai ta yi. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a 1996 daga ƙwayar hantsar wata tunkiya ta sake tabbatar da haka, sannan a 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa ƙwayoyin gado 4 kacal sun isa su mai da ƙwayar fatar ɓera baya, ta koma irin wadda za ta iya zama kusan kowane sashe na jiki. Shi da Gurdon suka raba kyautar Nobel ta 2012.

Misalin da nake ganin ya isa ya ɗauki darasin gaba ɗaya shi ne cutar sikila. A cikin ƙwayar gadon da ke haɗa wani sashe na hemogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya zama GTG. Tubali ɗaya ya canza a wuri na 6 a jikin furotin, kuma wannan ya isa ya sa hemogulobin ya riƙa mannewa da juna idan iskar oksijin ta yi ƙasa, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Ga DNA, ga furotin, ga ciwo, a layi ɗaya. Ga kuma Mendel: idan iyaye duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zama SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Mayosis ba ya tuna abin da ya faru a cikin da ya gabata, don haka ana iya samun SS uku a jere, ana iya haihuwa shida babu ko ɗaya. Wanda ya haddace akwati bai ga rabuwar kuromosom a bayansa ba, a nan yake faɗawa rami.

Sai kuma abin da ya fi ban sha'awa. Jaririn da aka haifa da SS yawanci ba ya nuna alamar ciwo a watannin farko, duk da cewa harafin nan yana jikinsa tun ranar da aka ɗauki cikinsa. Dalili shi ne, ɗan tayi da wani hemogulobin na daban yake aiki, daga wata ƙwayar gado ta daban. Bayan haihuwa jiki yana rufe wannan a hankali ya buɗe na manya, kuma wajen wata 6 ciwon kan fara bayyana. Wani furotin mai suna BCL11A yana cikin masu rufewar. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, bai taɓa harafin da ya lalace ba sam. Abin da yake yi shi ne rage aikin BCL11A a cikin ƙwayoyin da ke samar da jini, sai hemogulobin na ɗan tayi ya dawo. Magani ne mai tsada ƙwarai da wahalar sha'ani, ba kowa zai kai gare shi ba a yanzu. Amma ɗalibin da bai san cewa ƙwayar gado tana buɗewa tana rufewa ba, ko bayanin yadda yake aiki ba zai gane ba.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Ba a ilimi babu hadda. Dole ɗalibi ya san sunayen matakan, dole ya iya akwatin Punnett, kuma lokacin darasi gajere ne. Ban ce a jefar da su ba. Cewa nake yi suna ya biyo bayan fahimta, domin wanda ya ga dalilin jeruwar kuromosom a tsakiya ba ya mance sunan metafes, amma wanda ya riƙe sunan kawai, mako biyu bayan jarrabawa ya tafi da iska. Akwai kuma wata illa da tsayawa a kan Mendel kaɗai ke jawowa: ɗalibi ya fita da tunanin cewa kowace siffa ƙwayar gado ɗaya ce ke yanke ta. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma akwai gaskiya a ciki, amma tsawon mutum kaɗai wurare dubbai ne a cikin DNA suke da hannu a kansa, ga abinci da lafiyar ƙuruciya a gefe. Mendel siffofi 7 ya zaɓa masu fitowa a sarari, ko wannan ko wancan. Yawancin siffofin ɗan Adam ba haka suke ba.

A ɗaya ɓangaren kuma a yi hattara da masu wuce gona da iri, waɗanda suka ji cewa muhalli yana shafar buɗewar ƙwayoyin gado sai suka shiga shelar cewa tunani mai kyau ko wani ganye zai sauya wa mutum DNA. Rufe umarni daban, sauya harafinsa daban. Mai AS zai rayu ya mutu yana AS, komai ya ci komai ya sha. Kuma alamomin da ƙwaya ke sa wa DNA don ta rufe wani sashe, mafi yawansu ana share su a farkon halittar ɗan tayi.

Gyaran na gaskiya a hannun masu tsara tambayoyin jarrabawa yake, domin abin da ake ba wa maki shi ɗalibi yake karantawa. Muddin tambayar ita ce a lissafa matakan maitosis, to lissafin za a yi ta kawowa. Da za a tambaya me ya sa ake samun lalacewar ƙwayar gadon p53 a kusan rabin cututtukan kansa na ɗan Adam, da sai ɗalibi ya haɗa babin uku kafin ya amsa: cewa p53 furotin ne mai buɗe wasu ƙwayoyin gado, cewa su ne ke tsayar da rabuwa idan DNA ya samu matsala ko su sa ƙwayar ta kashe kanta, kuma idan ya lalace sai ƙwaya mai kuskure ta ci gaba da rabuwa, tana miƙa kuskuren ga duk 'ya'yanta ta hanyar maitosis.