Mai son Giannis ya fara duba lissafin Milwaukee

Duk lokacin da Milwaukee Bucks, ƙungiyar ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, ta yi tuntuɓe, shafukan sada zumunta sai su cika da tayin musaya: a kai Giannis Antetokounmpo New York, ko Miami, ko Golden State, a ba Milwaukee 'yan wasa uku da 'yan damar zaɓen sabbin 'yan wasa. Yawancin waɗannan tayin ba za su ƙetare ofishin NBA ba, balle su gamsar da kulob ɗin da ake so ya saki ɗan wasan da ya zama gwarzon gasa a 2019 da 2020, ya kuma kawo musu kofi a 2021.

Tun a kan albashi ake samun cikas. A kakar 2025/26 Giannis na karɓar kusan dala miliyan 54. Kulob ɗin da ke ƙasa da shingen farko na albashi, wato iyakar da NBA ta sa wa jimillar albashin kulob, zai iya karɓar kashi 125 cikin 100 na abin da ya fitar, da ƙarin dala 250,000, wato sai ya tura albashin da ya kai kusan miliyan 43. Wanda ya haura shingen farko dole ya tura daidai ko fiye. Wanda ya haura na biyu, wanda ke kusa da dala miliyan 208 a kakar 2025/26, an hana shi haɗa albashin 'yan wasa biyu ko uku don ya ɗauko ɗaya. Wannan dokar ta yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ce ta sa Boston ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis shekara guda bayan ta ci kofi. Tayin da bai bi ta nan ba, zancen shan shayi ne kawai.

Inda aka fi kuskure shi ne a kan damar zaɓen sabbin 'yan wasa a zagayen farko. Mutane na ƙirga su kamar kuɗi, huɗu sun fi uku, shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Damar da ta fito daga kulob ɗin da Giannis zai je, a shekarar farko ko ta biyu, za ta faɗo can wajen lamba 25 zuwa 30, domin kulob ɗin zai yi ta cin wasa, kuma kulob-kulob ɗin da suka fi shan kaye su ne ke fara zaɓe. Masu daraja su ne na shekara biyar zuwa bakwai nan gaba, marasa sharaɗin kariya (sharaɗin da ke barin kulob ya riƙe damarsa idan ta faɗo a sahun gaba), lokacin da tauraron ya tsufa, kulob ɗin kuma ya ruguje. An haifi Giannis a Disamban 1994, kuma wasansa na ƙarfi ne da kutsawa ƙarƙashin kwando, irin wasan da jiki ke fara gajiya da shi da wuri. Boston ta san wannan lissafin a 2013 da ta ba Brooklyn Kevin Garnett da Paul Pierce: damar da ta karɓa ce ta kawo mata Jaylen Brown, ta kuma buɗe hanyar Jayson Tatum. Ga kuma dokar Stepien, wadda ta hana kulob ya sayar da damarsa ta zagayen farko shekaru biyu a jere, don haka mafi yawa huɗu daga cikin nasa ake iya bayarwa kai tsaye, sauran sai dai haƙƙin canjin matsayi, wato musayar lambar zaɓe da ɗaya kulob ɗin idan tasa ta fi kyau.

Milwaukee kuwa tana da matsalar da masu tayin ba sa kawowa. Damarta ta 2027 ta tafi tun cinikin Holiday na 2020. Portland ta karɓi ta 2029, da haƙƙin canji a 2028 da 2030, daga cinikin Damian Lillard. Kuma bayan sallamar Lillard a 2025, kusan dala miliyan 22 da rabi za su riƙa zama a littafin albashinta kowace shekara har shekara biyar, ba tare da ya sake taɓa mata ƙwallo ba. Idan ta saki Giannis ta faɗi ƙasan teburi, wasu ne za su ci ribar faɗuwar. Brooklyn ta gane haka a 2024: kafin ta amfana da sayar da Mikal Bridges, sai da ta karɓo ikon damarta ta 2025 da 2026 daga Houston.

Saboda haka ra'ayina, tayin da ya cancanci a saurare shi dole ya ƙunshi matashi guda da ya riga ya nuna kansa, yana kan kwantiragin farko mai rahusa, irin Shai Gilgeous-Alexander da Oklahoma City ta dage sai da ta karɓa a cinikin Paul George na 2019. Akwai masu cewa Dallas ta saki Luka Dončić a Fabrairun 2025 da damar zagayen farko ɗaya tak, don haka farashin taurari ya faɗi. Dallas ta yi cinikin ne a ɓoye da Lakers kaɗai, ba ta bari sauran kulob sun yi takara ba, kuma wanda ya ƙulla shi, Nico Harrison, ya rasa aikinsa kafin shekarar ta ƙare.