Ejan Ya Ce Babu Matsala

Daren jiya muna shan ataya a bes ɗinmu, wato wurin hirarmu, na unguwar Nima a Accra, sai ga wani ƙanenmu da takarda a hannu, baki har kunne, wai biza ta fito. Na karɓa na duba. Kwantiragi ne shafi huɗu, Larabci zalla, ga dangwalen yatsansa a ƙasa. Na ce, ƙanena, me aka rubuta a nan? Ya ce ejan, wato dillalin da ya haɗa masa tafiyar, ya ce babu matsala. Ejan ya ce! Wallahi nan take atayar ta fita a raina.

Samarin zango, me ke damunku ne? Mutum ya sayar da babur, uwarsa ta kwashe kuɗin adashi, ya shekara yana bin ɗan koneshan mai nema masa hanyar fita waje, amma wata uku na koyon yaren mutanen da zai zauna a ƙarƙashinsu ya gagare shi. Baƙo ko da ido makaho ne, to ina ga wanda ya haɗa da kurumta? A wasu ƙasashen Larabawa akwai tsarin kafala, izinin zamanka yana ɗaure da sunan ubangidanka. In ya riƙe fasfo, ya hana albashi, da wane baki za ka kai ƙara? Ba don wasa gwamnatin Ghana ta dakatar da kai 'yan aikin gida can a 2017 ba. 'Yan'uwanmu mata ne suka riƙa turo kuka ta WhatsApp.

Masu son zuwa Jamus ma haka. Ga Goethe mai koyar da Jamusanci nan cikin gari, ga Alliance Française mai koyar da Faransanci, ba ku taɓa leƙawa ba. Togo, Burkina, Kodebuwa, duk Faransanci ne ya zagaye mu, amma a Aflao, kan iyakarmu da Togo, sai ɗan zango ya tsaya kamar gunki. Kuma in wani ya ɗauki littafi, ku ne masu yi masa dariya, wai ya zama bature. Sunayen 'yan wasan Chelsea kuwa har na benci kun haddace, ga cacar ƙwallo ta cinye ɗan abin da ke aljihu. Wannan ma maganar wata rana ce.

Manzon Allah (SAW) da kansa ya umurci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Kai wane ne?

Kakanninmu fataken goro ba su shiga aji ba, amma tsoho ɗaya zai yi ciniki da Tonanci a Kumasi, ya gaisa da Dagombanci, ya yi barkwanci da Mosanci. Duk da haka a 1969 da Firayim Minista Busia ya ce baƙi marasa takardun zama su fita, sun ga tasku. Masu baki ke nan fa. Yau kuwa ko Hausar tamu rabinta Turanci ce, Turancin kuma bai nuna ba.

Na ce wa yaron ya kawo takardar da safe mu kai wa Malam ya karanta masa. Har la'asar ban gan shi ba. Jirginsa ranar Alhamis ne.