Masu shagon caca sun fi mu fahimtar Skinner

Jiya bayan la'asar na leƙa gidan ƙanwata a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Gana. Ɗanta mai shekara tara yana kwance da waya a hannu, allonsa na jingine a bango. Ƙarar babur ɗin babansa na shigowa lungu, sai ya yi wuf ya suri allo, ya hau karatu har da rangaji. Uwar ta ce, "Yaya, ka gani ko? Bulala ce ta gyara shi." Na ce mata, "Ke dai, ƙarar babur ya haddace."

A ilimin halayyar ɗan Adam akwai mazhabar da ake kira bihebiyarizim. Masu ita sun ce a bar batun abin da ke cikin zuciya tunda ba ya aunuwa, a dubi abin da mutum ya aikata da abin da ya biyo bayan aikin. John Watson na Amurka ne ya ɗaga tutarta a 1913. Kafin shi Ivan Pavlov na Rasha ya lura karnukansa kan fara dalalar da miyau da zarar sun ji alamar da suka saba ji kafin a kawo abinci. Babur ɗin surukina ke nan.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne B. F. Skinner na jami'ar Harvard. Yakan sa ɓera ko tattabara a akwati. In ɓeran ya danna wani ɗan ƙarfe, ƙwayar abinci ta faɗo. Abu biyu ya gano da ya kamata kowane uba a Zongo ya sani. Horo da azaba yana danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koya wa wanda aka hora abin da ake so ya yi. Sannan ladan da ya fi kama rai shi ne wanda ba a san ranar zuwansa ba. Tattabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tsari, takan yi ta caccaka ko an daina ba ta, ta fi wadda ake ba kullum naci.

To ku zaga daga Asawase zuwa Kejetia, ku dubi samarinmu a shagunan cacar ƙwallo. Yaro ya sa sidi biyar ya faɗi, ya sake ya faɗi, ran nan ya ci sau ɗaya, shi ke nan an kama shi. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa bulala don ya dawo gobe, da ƙafarsa yake dawowa. Ni ma da nake wannan surutu, sau nawa na buɗe Facebook yau don in ga ko wani ya yaba?

Da hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu, iyaye da yawa sun ce an lalata yara. Amma ai tun kakanni, in yaro ya kai wata sura a allo akan yi masa sadaka, in ya sauke a yi walima, unguwa ta taru a kansa. Lada ne wannan. Mu muka riƙe dorina muka saki sauran.

Ban yarda da mazhabar bihebiyarizim gaba ɗayanta ba. Noam Chomsky, masanin harshe na Amurka, ya caccaki Skinner a 1959, ya nuna yaro kan furta jimlar da bai taɓa ji ba, balle a ba shi tukuici a kanta. Mu kuma da aka koya mana cewa ayyuka da niyya suke, ba za mu yarda zuciya ba ta cikin lissafi ba. Akwatin Skinner ba ya bambance mai sallah don Allah da mai yi don idon babansa.

Kafin in fito na ce wa ƙanwata, duk ranar da ta kama shi yana karatu ba babur a lungu, ta yabe shi nan take, ko da ƙosai biyu ne ta ƙara masa a koko. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai sai kansa ya kumbura." Na ce ta gwada na wata ɗaya, kuɗin ƙosan ni zan biya.