Wa Ya Karantar Da Kai? Kan Mai Tallar "Asalin Yoga na Veda"

Tun shekaranjiya ake ta turo mini bidiyon nan, na kuma san yawancinku kun gani, don haka ba sai na tsaya dogon bayani ba. Saurayi ya sa fararen kaya, ya rataya wani dogon carbi a wuya, ya tanƙwashe ƙafa, yana shelar cewa zai koyar da "asalin yoga na Veda, ilimin shekara 5,000." Veda ɗin nan su ne tsofaffin littattafan addinin Hindu. Ya ce a tura kuɗi ta banki, a shiga zaurensa na WhatsApp. Hujjarsa guda ɗaya ce tak, takardar da ya ɗaga wa kyamara ta kwas ɗin awa 200. Wallahi abin ya ɓata mini rai, amma dalilina daban da na yawancinku.

Na ga an cika wurin sharhi da gardamar halal ne ko haram ne. Wannan fagen malamai ne, a kai musu. Ni Musulmi ne, ba addinin Hindu nake yi ba, ba kuma tallarsa na zo yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a cikin ɗaruruwan masu sharhi babu wanda ya yi wa yaron nan tambayar da ta kamata: wa ya karantar da kai? Shi kuma wanda ya karantar da kai, a wurin wa ya ɗauka? Domin ya jingina kansa da ilimin wasu mutane, kuma su mutanen wannan tambayar ce ƙofar gidansu. Wanda bai amsa ta ba bai shiga ba.

A Indiya, silsilar malami da almajiri, wadda suke kira parampara, ita ce ƙashin bayan duk abin da ake dangantawa da Veda. Littattafansu da kansu suke faɗa. Mundaka Upanishad ya ce mai neman sani ya ɗauki itacen hura wuta a hannunsa ya tafi wurin malamin da ya ji Veda daga bakin malamai kuma ya tabbata a kan abin da ya sani. Brihadaranyaka Upanishad yana da wuraren da babu komai a ciki sai sunaye, wane ya ɗauka daga wane, wane daga wane, mutum gommai a jere. A farkon babi na 4 na Bhagavad Gita, Krishna ya lissafa waɗanda yoga ta bi ta hannunsu, daga Vivasvan zuwa Manu zuwa Ikshvaku, ya kuma ce da zamani ya yi tsawo sai ilimin ya ɓace. Hatha Yoga Pradipika, na ƙarni na 15, marubucinsa Svatmarama bai fara koyar da komai ba sai da ya jero malaman hanyarsa, su Matsyendra da Goraksha da sauransu. Mutane ne da ba sa buɗe baki sai sun faɗi inda suka sha. To kai a ina ka sha?

Akwai wani labari a Chandogya Upanishad da ya kamata yaron nan ya ji. Wani yaro mai suna Shvetaketu ya tafi karatu yana da shekara 12, ya dawo yana da 24, ya karance Veda, yana ji da kansa. Mahaifinsa Uddalaka ya yi masa tambaya guda ya kasa amsawa, dole ya sake zama ya koma ɗalibi a gaban uban. Shekara 12 kenan a gidan malami, ana shara, ana ɗebo ruwa, ana kula da wuta, kuma aka ce da sauransa.

Ku dubi yadda ake haddar Veda ɗin da yake ambata kamar sunan shago. Rigveda kaɗai waƙoƙi 1,028 ne, baiti sama da 10,000. Ɗaruruwan shekaru da ka aka riƙe su, daga baki zuwa kunne. Yaro zai haddace baiti yadda yake, sannan ya haddace shi kalma kalma, sannan bibbiyu, sannan a kai shi matakin da suke kira ghana, inda zai faɗi kalma ta ɗaya da ta biyu, ya juyo ta biyu da ta ɗaya, ya tafi ɗaya biyu uku, ya dawo uku biyu ɗaya, ya sake tafiya ɗaya biyu uku, haka har ƙarshen baitin. Duk wannan wahalar don kada wasali ɗaya ya goce, kada hawa da saukar murya su canja. A 2003 hukumar UNESCO ta ayyana wannan karatu a cikin manyan kayan gadon ɗan Adam. Har yau akwai makarantun da yara ke kwana suna tashi a kan wannan a Kerala da Tamil Nadu da Andhra da Maharashtra. Su ne masu haƙƙin cewa "na Veda."

Awa 200 kuwa daga ina ta fito? Daga Amurka. Ƙungiyar Yoga Alliance, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1990, ita ta sa wannan ma'auni a matsayin mafi ƙarancin horon da mutum zai yi kafin a sa sunansa a rajistarta. In ka raba awa 200 a kan awa 8 kullum, kwana 25 ne. Shi ya sa garin Rishikesh, a bakin kogin Ganga, ya cika da makarantun da ke yaye "malamai" duk wata, wasu ma ta intanet suke yi ba tare da sun taɓa ganin ɗalibin ido da ido ba. Takardar tana nuna ka halarci aji ka biya kuɗi. Ba ta ce wani masani ya zauna da kai shekara da shekaru ya ga halinka ya ce je ka ka koyar ba. Abu biyu ne mabambanta, kuma yaron nan ya san haka, shi ya sa bai ambaci sunan malami ko ɗaya ba a bidiyon.

Abin da ya fi ƙona mini rai, abin da yake nunawa ma babu shi a Veda. Ku je ku bincika. Yoga Sutra na Patanjali, wanda kowa ke kafa hujja da shi, gajerun jimloli ne kusan 195, kuma guda uku kacal ne suka yi bayanin zaman jiki. Abin da suka ce shi ne zama ya kasance tabbatacce mai daɗi. Sauran duk maganar tarbiyyar zuciya ce da tattara hankali. Svatmarama, wanda ya zo bayansa da kusan shekara dubu, siffofin zama 15 ya kawo. Jerin sunkuyo da miƙewar nan da ake kira gaisuwar rana, wanda yaron ya buɗe bidiyonsa da shi, sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ne ya yaɗa shi a shekarun 1920 a matsayin motsa jiki ga jama'arsa. Shekara ɗari kenan, an mayar da ita 5,000 don kasuwa ta yi kyau.

Kuma matakai takwas Patanjali ya shimfiɗa. Zaman jiki shi ne na uku. Na farko ƙa'idoji biyar ne na hali: kada ka cutar, ka faɗi gaskiya, kada ka yi sata, ka kame kanka, kada ka yi handama. Wanda ya yi ƙarya a kan asalin ilimi ya karɓi kuɗin mutane da ita, a matakin farko ya faɗi, a wuri biyu ko uku lokaci guda. Da yana da malami na gaske, wannan ne darasin ranar farko.

Kada wani ya ce yoga ta zamani duk haka take, babu mai silsila. Akwai. Yawancin yogar da ake yi yau a ɗakunan motsa jiki na duniya tana komawa ga mutum ɗaya, Tirumalai Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1989. Ya yi shekaru yana karatun harshen Sanskirit da falsafa a Maisur da Banaras kafin sarkin Maisur ya ba shi wurin koyarwa a shekarun 1930. Pattabhi Jois ya fara bin sa yana da shekara 12, a 1927. B.K.S. Iyengar ƙanin matarsa ne, ya zo gidansa yana yaro mai yawan ciwo, aka tura shi Pune ya koyar a 1937, ya ci gaba da aikin har rasuwarsa a 2014. Desikachar, ɗan Krishnamacharya, injiniya ne, ya ajiye aikin ya zauna gaban uban kusan shekara 30. Ko wanne a cikinsu ka tambaya wa ya karantar da kai, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa, da suna da gari da shekara.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai silsilar ma ba ta hana ɓarna ba. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Mata da dama sun fito sun ce Jois ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba a cikin aji, jikansa Sharath ya amsa a 2019 cewa abin ya faru. Bikram Choudhury, mai yoga a ɗaki mai zafi, wanda ke jingina kansa da Bishnu Ghosh na Kalkata, ya nemi mallake jerin siffofi 26 a matsayin nasa, kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ƙi a 2015, daga baya ya bar ƙasar ana bin sa da shari'o'in cin zarafi. To sai me? Wannan hujja ce ta a ƙara bincike kafin a miƙa wa mutum jiki da zuciya. Mai silsila in ya yi ɓarna akwai inda za a kai ƙara, akwai abokan karatunsa da za su ce ba haka aka koya mana ba. Mai zauren WhatsApp in ya karya wa wata baiwar Allah ƙugu, goge lamba zai yi, shi kenan.

Za a kuma ce, ai motsa jiki ne kawai, me ya yi zafi? Madalla. To ya ce motsa jiki yake koyarwa. Ya ce na yi kwas na wata ɗaya, zan nuna muku yadda ake miƙe baya da jan numfashi, mai hawan jini ko ciwon gadon baya ko juna biyu ya fara ganin likita. Da haka ya faɗa, da ban rubuta ko layi ɗaya ba, sana'a ce kamar kowace, Allah Ya ba da sa'a. Amma kuɗin motsa jiki daban, kuɗin "sirrin shekara 5,000" daban, kuma na biyun yake so. Masu cewa hassada ce, ko a bar matashi ya nemi na kansa, ba zan tsaya kanku ba. Neman na kai bai halatta jingina kai da malaman da ba ka taɓa zama gabansu ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce mu ne za a yi wa wannan. Mu da muka tashi muna jin maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Mu da Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Ku ɗauka wani Ba'indiye ya zo Kano ya yi wata ɗaya, aka ba shi takarda, ya koma Delhi ya buɗe shafi yana cewa shi gwani ne, yana ba da ijazar karatun Warshu. Yaya za ku ji? Wace tsangaya ce za ta yi shiru? To abin da ba za mu yarda a yi wa namu ba, bai kamata mu tafa wa wanda ya yi wa na wasu ba, ko da ba mu yarda da aƙidarsu ba. Amana amana ce. Ilimin da mutane suka kashe ƙuruciyarsu suna tsarewa, uba ya miƙa wa ɗa, malami ya miƙa wa almajiri, ba kayan tsintuwa ba ne.

Don haka duk wanda ke shirin tura kuɗin nan, don Allah ya fara tura tambaya. Sunan malaminka? A wane gari? Shekara nawa ka yi a gabansa? Shi ya ba ka izinin koyarwa? In ya amsa, a bincika. In ya fara kame-kame yana cewa ilimin na kowa ne, kun sami amsarku.

Wata 'yar uwa ta ce a sharhi wai dama baƙo ba ya samun shiga silsilarsu, don haka dole a bi ta takarda. Ba haka ba ne. Cikin ɗaliban Krishnamacharya akwai wata Baturiya haifaffiyar Riga, Eugenie Peterson, wadda duniya ta sani da Indra Devi. Da farko ya ƙi karɓarta, mace ce kuma baƙuwa, sai da sarkin Maisur ya sa baki a 1938. Ya gindaya mata dokokin abinci masu tsanani yana zaton za ta gudu, ba ta gudu ba. Da bakinsa ya ce ta je ta koyar. Ta buɗe aji a Shanghai, ta koma Hollywood a 1947, ta ƙare rayuwarta a Ajantina, ta rasu a 2002 tana da shekara 102.